Babi na 6: Wa Ya Faɗa, Kuma Ina Ya Samo?

A ƙarshen watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka auka wa manoman da suka tsare hanyoyin aikin noman rani na Bakolori, a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye, suna neman diyyar gonakinsu. Gwamnatin lokacin ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba. Wasu rubuce-rubuce suka ce sun haura 380. Tazarar da ke tsakanin adadin nan biyu ta wuce kuskuren lissafi, kuma har yau duk wanda ya zauna zai rubuta tarihin ƙasar Mafara da Bakura da Maradun sai ya ci karo da ita. Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, ko na Jami'ar Jihar Zamfara da ke Talata Mafara, ko na Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, idan aka ba shi taken kundi a kan Bakolori, abu na farko da zai yi shi ne ya zaro waya ya buga sunan. Cikin ƙiftawar ido zai ga shafuka rututu, wannan ya ɗauki ƙaramin adadi, wancan ya ɗauki babba, akasarinsu kuma ba su faɗi inda suka samo ba. Idan ya ga shafi goma sun yi ittifaƙi a kan adadi ɗaya sai hankalinsa ya kwanta, alhali mai yiwuwa ne duk goman daga shafi guda suka kwafo, shi ma wancan bai ga komai da idonsa ba. Shaidu goma da suka ji daga bakin mutum ɗaya, shaida ɗaya ce.

Abin da wannan babi yake son tabbatarwa shi ne, darajar rumbun bayanai na laburare tana cikin silsilar maganar da yake nuna wa mai bincike. Ana nufin rumbun bayanai a nan taskar kwamfuta da aka tara maƙalolin mujallun ilimi da littattafai da kundayen digiri a cikinta, kowanne da sunan marubuci, da shekara, da mujalla, da lambar fitowa, da shafi, da tsakure, da jerin manazarta. Waɗannan ƙananan bayanai da ɗalibai suke ɗauka wahala ce kawai da malamai suka ɗora musu, su ne dukiyar. Da su ake gane wanda ya fara faɗin magana, da yadda ya san ta, da wanda ya zo daga baya ya ƙaryata shi ko ya gyara masa. Mutumin ƙasar nan bai kamata wannan tsari ya zama baƙo gare shi ba. Malaman hadisi sun kafa fanni sukutum a kan isnadi, suna bin maruwaita ɗaya bayan ɗaya, suna tambayar ko wane ya riski wane, ko yana da kiyayewa, ko an taɓa kama shi da ƙarya. Almajirin da ya yi karatun zaure ya san cewa daɗin lafazi ba ya inganta ruwaya. Abin takaici ne a ce yaron da ya tashi cikin wannan tarbiyya, da zarar ya shiga makarantar boko ya kama waya, sai ya karɓi duk abin da ya fito a saman allo ba tare da ya tambayi uban da ya haife shi ba.

Mu koma kan Bakolori mu ga abin da rumbu yake fitarwa. Wanda ya shiga rumbun JSTOR ya nemi sunan zai tarar da aikin W. M. Adams, masanin labarin ƙasa ɗan Ingila. A 1985 ya buga maƙala a mujallar ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Birtaniya a kan abin da dam ɗin Bakolori ya jawo wa mutanen da ke ƙasa da shi a kwarin Kogin Sakkwato: ambaliyar da fadamu suka dogara da ita kowace shekara ta ragu, noman shinkafa ya ja baya, manoma suka koma gero da dawa a inda da ba a shuka su, masunta kuma kamunsu ya ragu. A 1988 ya sake buga wata a mujallar Africa, wannan karon a kan boren manoman kansa da yadda aka tafiyar da sha'anin filaye. Wanda ya bi manazartar irin waɗannan ayyuka zai kai ga Björn Beckman, ɗan Suwidin da ya koyar da kimiyyar siyasa a Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya kalli rikicin ta fuskar talakawa da gwamnati da jari-hujja, kuma shi da Gunilla Andrae suka fitar da littafi a 1985 a kan yadda dogaro da alkama ya zame wa Nijeriya tarko. A cikin waɗannan ayyuka ne ɗalibi zai ga ginshiƙin labarin: kamfanin Impresit na Italiya ne ya yi ginin, an kammala dam ɗin a 1978, tafkinsa an tsara ya ɗauki ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce mai aikin, an tashi mutane daga matsuguninsu, wasu kuma aka hana su noma ana baje musu gonaki da haƙa magudanai ba tare da diyyar da ta gamsar da su ba. Zai kuma fahimci yanayin siyasar: jam'iyyar NPN ce ke mulki a tarayya ƙarƙashin Shehu Shagari, ita ce kuma a Jihar Sakkwato ƙarƙashin Shehu Kangiwa, 'yan adawa irin su PRP kuwa suna riƙe da Kano da Kaduna. Daga nan adadin nan biyu suke daina zama lambobi tsirara. Kowanne yana da mai shi, kowane mai shi yana da matsayi da buƙata da hanyar da ya bi ya ƙirga. Rumbun bai yanke wa ɗalibi hukunci ba, amma ya ba shi abin da zai rubuta da gaskiya: wane ya ce kaza a shekara kaza, wane ya ce kaza bisa hujja kaza, ga kuma dalilin da ya sa ɗaya ya fi ƙarfi a wurinsa.

Akwai dabarar nema da ba a cika koya wa ɗalibanmu ba, kuma rashinta ne yake sa da yawa su ce sun duba babu komai. An ƙirƙiro Jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoba 1996. Kafin nan Mafara da Bakura da Maradun suna cikin Jihar Sakkwato, kafin 1976 suna cikin Jihar Arewa maso Yamma, a zamanin Turawa kuma Lardin Sakkwato. Saboda haka wanda ya rubuta sunan Jihar Zamfara kaɗai a akwatin nema ya rufe wa kansa ƙofar kusan duk abin da aka rubuta a kan yankin kafin 1996, har da ayyukan Adams da Beckman. Dole ya gwada sunan kogi, da sunan hukuma, da sunan gari, da rubutun Bakolori da Bakalori duka biyu, domin marubuta sun sha bamban. Idan sakamako ya yi yawa sai ya haɗa kalma biyu ya ƙuntata, ko ya ƙayyade shekaru. Idan ya samu maƙala ɗaya mai nauyi, to ya samu bakin zare. Ya karanta tsakurenta tukuna, sannan ya sauka ƙasa ga manazarta ya ga magabatanta, sannan ya nemi jerin waɗanda suka ambace ta daga baya, abin da Google Scholar da Scopus suke nunawa. Tafiya baya tana kai shi ga tushe, tafiya gaba tana nuna masa ko maganar ta tsaya ko an rushe ta. Ga wanda ya iya wannan, maƙala uku ingantattu suna buɗe masa talatin.

Mafi yawan ɗalibai sun ɗauka waɗannan rumbuna na masu kuɗi ne. Wasu haka suke, amma ba duka ba. Tun 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe Hinari domin cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su samu mujallun likitanci. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta biyo da AGORA a 2003, wanda shi ne ya fi dacewa da mai nazarin shinkafa ko kiwo ko ban-ruwa a Bakura. OARE na muhalli ya zo a 2006, ARDI na ƙere-ƙere a 2009, GOALI na shari'a a 2018, dukansu yanzu ƙarƙashin inuwar Research4Life. Makaranta ce take yin rajista, kyauta ko da kuɗi kaɗan gwargwadon rukunin da ƙasa take, sunan shiga da kalmar sirri kuma suna hannun ma'aikacin laburare. AJOL, wanda ya fara a 1998, ya tara ɗaruruwan mujallun da ake bugawa a Afirka, kuma na Nijeriya suna da kaso mai tsoka a ciki. DOAJ, da aka kafa a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003, jerin mujallu ne da kowa zai karanta ba biya, waɗanda aka duba tsarinsu kafin a sa su. PubMed na kowa ne. JSTOR ma yana barin mutum ya buɗe asusu na kansa ya karanta wani adadi na maƙaloli a wata. Misali ɗaya ya isa ya nuna amfanin wannan. Lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum daga 2010, labarai sun yi ta yawo iri-iri. Amma binciken da masana suka yi gida-gida a ƙauyuka biyu, aka buga a mujallar Environmental Health Perspectives a 2012, ya nuna cewa a cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu cikin shekara guda, kuma ya bayyana yadda aka ƙirga da yadda aka gwada jini da ƙasa. Wannan maƙala tana nan kyauta. Ɗalibin kiwon lafiya da ya rubuta kundi a kan haƙar zinariya a Maradun bai karanta ta ba, ya bar abin da ke bakin ƙofarsa.

Mai ja zai ce ai Google Scholar ya wadatar, tunda shi ma maƙalolin ilimi yake kawowa. Kayan aiki ne mai kyau, kuma babu dalilin da zai sa a guje shi. Matsalarsa ita ce na'ura ce take tattaro duk abin da ya yi kama da maƙala, babu mutumin da ya tsaya a ƙofa yana tacewa. Yana kama da kasuwar Talata a Mafara, inda hatsi mai kyau da mai ƙwari suke zube a layi ɗaya, sai mai saye ya san yadda zai tsoma hannu cikin buhu. A shekarun nan an samu yawaitar mujallun da ba su da aiki sai karɓar kuɗi su buga duk abin da aka turo. A 2013 wani ɗan jarida mai suna John Bohannon ya ƙaga maƙalar bogi mai cike da kurakuran da duk masani zai gani, a kan wani sinadari wai mai maganin sankara, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa. A 2019 wata kotu a Amurka ta ci kamfanin OMICS tarar sama da dala miliyan 50 saboda yaudarar marubuta a kan tantancewa. Wannan annoba ta taɓa mu sosai, domin malami a nan ba ya samun ƙarin girma sai da yawan bugu, kuma inda aka matsa wa mutum ya tara adadi, mai sayar da adadi zai fito. Sai dai a yi adalci: jerin mujallun zargi da Jeffrey Beall ya riƙe har zuwa farkon 2017 an soke shi da cewa yana saurin tuhumar mawallafan ƙasashe masu tasowa, kuma akwai mujallun jami'o'inmu masu tsananin tantancewa waɗanda shafinsu na intanet kawai ne ba shi da kyan gani. Don haka kyan shafi ko ƙasar da mujalla ta fito ba su ne ma'auni ba. A duba ko tana cikin AJOL ko DOAJ, a duba ko editocinta mutane ne da za a iya samu a jami'o'in da aka ambata, a duba ko tana alƙawarin bugawa cikin mako guda, domin babu masanin da zai karanta aiki da kyau ya mayar a gyara cikin kwana bakwai. Rumbun laburare ya riga ya yi wa ɗalibi rabin wannan aiki.

Wani zai ƙara da cewa ai su ma mujallun da ake tantancewa suna buga ƙarya. Gaskiya ne. Mujallar Lancet, ɗaya daga cikin mafi girma a likitanci, ta buga maƙalar Andrew Wakefield a 1998 wadda ta danganta allurar rigakafin ƙyanda da wata lalurar ƙwaƙwalwa ga yara, bisa nazarin yara 12 kacal, kuma ba ta janye ta ba sai a 2010. Ɓarnar da ta yi kafin nan ba kaɗan ba ce. Amma a lura da yadda aka kama ta: saboda tana da suna da shekara da bayanin hanyar bincike, wasu suka gwada suka kasa samun abin da ta ce, aka bi diddigi, aka janye, kuma yau duk wanda ya buɗe ta a PubMed zai ga tambarin janyewa a kanta. Saƙon da ya yi yawo a WhatsApp babu wanda zai iya janye shi, domin babu wanda ya san mai shi. Mutanen Talata Mafara sun ga yadda wannan yake a fili. Da aka sace 'yan matan makarantar Jangebe a ranar 26 ga Fabrairu 2021, adadin da aka fara sanarwa 317 ne. Da aka sako su a farkon Maris, gwamnati ta ce 279 ne. Har yau shafukan da suka ɗauki adadin farko suna nan ba a gyara ba, kuma ɗalibin da bai duba kwanan wata ba zai kwafe shi da zuciya ɗaya. Idan cikin kwana biyar, a zamanin waya da kyamara, adadi ya motsa haka, to sai a auna abin da ya faru a 1980. Haka kuma rubutu yana iya zama sahihi amma mai shi yana da buƙata. Takardun shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 kuma gyaran Bakolori yana ciki, suna ɗauke da alƙaluma masu amfani a kan kadada da magudanai. A karanta su, a ambace su, a kuma tuna cewa wanda ya ba da bashin ne yake ba da rahoton aikinsa.

Ƙorafin da ya fi kowanne nauyi shi ne wanda ya ce waɗannan rumbuna ba da mu aka gina su ba. Mai wannan magana zai nuna cewa manyan sunayen da aka ambata a kan Bakolori, ɗaya Bature ne daga Ingila, ɗaya daga Suwidin, ya tambaya ina muryar manomin Birnin Tudu da aka kashe wa ɗa, ina ta matar da aka tasa daga gidanta ruwa ya cinye shi. Zai ce littafin da aka fi ambata a kan sarakunan Zamfara, na Kurt Krieger na 1959, da Jamusanci aka rubuta shi. Zai ce tarihin ƙasar nan yana cikin takardun Larabci da ajami a gidajen malamai, da bakin makaɗa da maroƙa, da shafukan Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fita a Zariya tun 1939, kuma kaɗan ne daga cikin wannan ya shiga JSTOR ko Scopus. Duk wannan haka yake, kuma bai kamata a sassauta shi ba. Rumbunan duniya sun karkata ga Ingilishi, sun karkata ga mujallun Turai da Amurka, kuma ɗalibin da ya ɗauka abin da babu a cikinsu babu shi a duniya ya yi babban kuskure. Amma idan aka bi ƙorafin zuwa ƙarshensa, ba ya kai mutum ga watsi da rumbu. Yana kai shi ga sanin iyakarsa. Su kansu ayyukan da ake ganin na baƙi ne, ƙarfinsu daga nan ya fito. Littafin Murray Last a kan Daular Sakkwato, na 1967, an gina shi ne a kan takardun Larabci na Sakkwato da taimakon Waziri Junaidu. Kundin John Hunwick na 1995 a kan rubuce-rubucen Larabci na tsakiyar ƙasashen Sudan jeri ne na abin da malamanmu suka rubuta da inda kwafinsa yake. Mai karanta manazartar irin waɗannan ayyuka zai ga ana tura shi Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Laburaren Kashim Ibrahim a Zariya, da na Abdullahi Fodiyo a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Zai kuma ga ana tura shi ga littattafan da aka buga a gida, irin wanda Yusufu Bala Usman ya tace a 1982 a kan danniyar siyasa a Jamhuriya ta Biyu.

A nan ne ɗan Mafara ko Bakura yake da abin da babu wani masanin waje da zai samu. Yana jin harshen, ya san gidajen, kuma wasu daga cikin waɗanda suka ga abin da ya faru a 1980 suna raye, kodayake kowace shekara suna raguwa. Amma idan ya je gaban tsoho bai karanta abin da aka riga aka rubuta ba, tambayarsa ba za ta wuce a ba shi labari ba, kuma zai dawo da abin da kowa ya sani. Wanda ya karanta zai ce: Baba, an rubuta cewa an biya wasu diyyar itatuwa aka bar wasu, a unguwarku yaya aka yi, wa ya zo ƙirga, da wa ya zo? Irin wannan tambaya ce take fito da sabon abu. Sannan sai ya yi wa maganar tsohon abin da ya koya daga rumbu: ya rubuta ranar hira da wurinta, da shekarun mai magana, da ko ya gani da ido ko ji ya yi, ya kuma nemi izininsa kafin ya sa sunansa. Da haka maganar baka take samun silsila, ta zama madogarar da wani zai iya bi.

Sai batun da ba a iya kawar da kai daga gare shi, wato wuta da sabis da tsaro. A farkon Satumba 2021 aka katse layukan waya a faɗin Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka yi makonni babu kira babu intanet. A shekarar ce aka sace ɗalibai da ma'aikata daga kwalejin Bakura a watan Agusta, aka kuma kwashi ɗaliban sakandare a Kaya ta Maradun a ranar 1 ga Satumba. Wanda yake karatu cikin wannan hali, yana sayen data da kuɗin abincinsa, ba a yi masa wa'azin bincike daga nesa. Duk da haka, ƙarancin data hujja ce ta goyon bayan rumbu. Mai data kaɗan shi ya fi buƙatar ya nufi wuri ɗaya da aka tace, ya karanta tsakure wanda bai cin komai, ya sauke maƙala biyar da ya tabbatar suna da amfani, ya ajiye su a waya ko filashi tare da cikakken bayaninsu, maimakon ya ƙone abin da yake da shi a yawon shafuka. An ma taɓa yin tanadi musamman don irin wannan wuri: Jami'ar Cornell ta Amurka ta fito da TEEAL a 1999, tarin mujallun aikin gona a kan faifai wanda ke aiki ba tare da intanet ba. Laburaren da ke da kwamfuta kaɗan da hasken rana a rufinsa yana iya tara maƙalolin da lasisinsu ya yarda a raba, kan Bakolori da dalma da kiwo da rikicin filaye, ya ajiye su inda kowane ɗalibi zai samu ko an ɗauke sabis.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun ƙara wa lamarin gaggawa. Suna iya taimaka wa mutum ya fahimci sakin layi mai wuya ko ya samo kalmomin nema, amma suna iya ƙaga sunan marubuci da mujalla da shafi waɗanda babu su, cikin tsari mai kama da gaske. A 2023 wani alƙali a New York ya ci lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar masa da hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙirƙira. Duk madogarar da manhaja ta bayar, a nemo ta a rumbu, a buɗe ta, a ga jumlar da ido. Idan ba a same ta ba, ba ta shiga kundi.

Nauyin gyaran bai tsaya kan ɗalibi ba. Malamin da ke duba kundi, idan ya saba cewa a kawo masa maƙala uku daga cikin manazarta ya gani, a nuna masa shafin da aka ɗauko adadi, cikin zango ɗaya cinikin kundayen kwafe a shagunan kwamfuta zai ja baya. Darasin amfani da laburare da ake yi a shekarar farko a manyan makarantu ya kamata a maimaita shi a shekarar ƙarshe, a gaban kwamfuta, da ainihin taken da kowa yake aiki a kai, domin a lokacin ne ɗalibi yake jin buƙatarsa. Kuɗin da TETFund take ware wa laburarori ya kamata wani kaso nasa ya tafi ga rajistar rumbuna da horar da ma'aikata da sanar da ɗalibai cewa akwai su. Akwai kuma gibin da mu kaɗai za mu cike. Kowace shekara ɗalibai a Mafara da Bakura da Maru da Gusau da Ƙaura Namoda suna rubuta kundaye a kan ban-ruwa da cututtukan dabbobi da kasuwanni da ƙaura, a ɗaure su da bango, a jera a kanta inda ƙura da gara suke jiransu. Manhajar DSpace, wadda jami'o'i da dama a Nijeriya suke amfani da ita wajen ajiye ayyukansu a intanet, kyauta ce. Abin da ake buƙata shi ne kwamiti a kowane sashe ya zaɓi kundayen da suka cancanta, a ɗauki hotonsu, a sa musu suna da shekara da tsakure cikin Ingilishi da Hausa, a kuma haɗa da rubutattun hirarrakin da aka yi da dattawa idan masu maganar sun yarda.